GIDAN MAWAƘIN DA BA SHI DA KABARI: ABIN DA NA GANI A YEREVAN



Tun ranar da na ɗora hoton nan na wani tsohon teburin rubutu da littattafai jere a bayansa, ake ta bi na ta akwatin saƙo: wai ina ne nan, me kuma ya kai ni? Na ce a yi min haƙuri in dawo gida in sauke gajiya. To yau ga shi na cika alkawari. Rubutun da ɗan tsawo fa, mai sauri ya adana shi sai dare.

Akwai kuma dalili na biyu. Kwanan nan ana ta ja-in-ja a dandalin nan kan marubuta da mawaƙan da ke shiga inuwar masu mulki. Wasu na cewa ai neman abinci ne, wasu na cewa cin amanar talaka ne, wasu kuma na cewa gara a shiga ciki a gyara. Ni dai ban sa baki ba, domin duk sanda na ɗauki waya zan yi magana, sai wani gida da na shiga a Yerevan ya faɗo min a rai. Bari in ba ku labarinsa, kowa ya yi wa kansa hisabi.

Aiki ne ya kai ni Yerevan, babban birnin ƙasar Armeniya. Taro ne na 'yan kwanaki, sai aka bar mana yini guda babu komai kafin ranar jirgi. Maganar gaskiya, kafin tafiyar nan abin da na sani game da ƙasar bai wuce rikicinsu da Azabaijan kan yankin Nagorno-Karabakh ba, wanda muka yi ta ji a rediyo a 2020, sai kuma watan Satumba na 2023 da Armeniyawa sama da 100,000 suka kwashe nasu-ya-nasu suka bar yankin cikin 'yan kwanaki. Ƙasa ce 'yar ƙarama, mutanenta wajen miliyan 3, ba ta da gaɓar teku. Turkiyya na yamma da ita, Jojiya na arewa, Azabaijan na gabas, Iran na kudu. Kiristoci ne, kuma suna tinƙaho da cewa su ne ƙasa ta farko da ta mayar da Kiristanci addinin hukuma, a shekara ta 301 bisa lissafinsu. Birnin kansa suna ƙirga shekarunsa daga 782 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da wani sarki Argishti ya gina ganuwar Erebuni a gefen garin na yanzu.

Wani ɗan tasi ne ya jawo min wannan ziyara. Ya miƙo min canji, a ciki akwai tsohuwar takardar dram 1,000, wato kuɗinsu, da hoton wani mutum siriri mai dogon hanci. Na nuna hoton na tambaye shi wane ne wannan, don na zaci wani shugaba ne ko janar. Ba ya jin Ingilishi sosai. Sai ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Charents." Ya yi alamar rubutu a tafin hannu. Sannan ya ja yatsa a maƙogwaronsa ya ce, "Stalin." Kalma biyu kacal, amma ya gama ba ni tarihin mutum. Na ce lallai sai na ga gidan wannan bawan Allah.

Gidan yana lamba 17 a Titin Mashtots, babban titin da ya ratsa tsakiyar birnin, wanda a zamanin Tarayyar Sobiyet ya taɓa amsa sunan Titin Lenin. In ba ka lura ba sai ka wuce shi, domin bene ne irin na haya kamar sauran na layin. A nan Yeghishe Charents ya yi shekaru biyun ƙarshe na rayuwarsa, daga 1935 zuwa 1937. Idan na ce mawaƙi, ina nufin na alƙalami, irin su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, ba na kalangu ba. Armeniyawa na ɗaukarsa babban sha'irinsu na ƙarni na 20.

Wata dattijuwa ce ta zagaya da ni. Muka fara da zaurukan da aka jera hotuna da takardu da bugun farko na littattafansa cikin akwatunan gilashi, sannan muka shiga ainihin sashen da ya zauna da iyalinsa. Nan ne jikina ya yi sanyi. Ga teburin da kuka gani a hoto, ga keken rubutu, ga fiyano, ga 'yan gumakan Buda da yake tarawa don sha'awarsa ga al'adun gabashin duniya, ga littattafansa sama da 1,400 cikin harsuna daban-daban. An gyara komai tsaf, kai ka ce maigidan ya fita sayen taba ne yanzu zai dawo. Na tambayi dattijuwar, "Baba, ina kabarinsa yake, ko zan iya zuwa?" Ta dube ni ta girgiza kai ta ce, "Ɗana, ba shi da kabarin da za a nuna maka. Wannan gidan shi ne abin da muke da shi."

To wane ne shi, kuma me ya yi?

An haife shi a watan Maris na 1897 a garin Kars, wanda a lokacin yana hannun Rasha, yau kuma yana cikin Turkiyya. Sunansa na yanka Yeghishe Soghomonyan, Charents laƙabin rubutu ne. Yana ɗan shekara 17 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya haɗa Rasha da Daular Usmaniyya, kuma a shekarar 1915 aka fara kora da kashe Armeniyawan da ke cikin daular. Su Armeniyawa sun ce mutum miliyan 1.5 suka rasa, kuma su da akasarin masana tarihi suna kiran abin kisan ƙare dangi. Gwamnatin Turkiyya ta yarda an mutu da yawa amma har gobe ba ta yarda da wannan suna ba. Charents ya shiga rundunar 'yan sa-kai, ya bi ta hanyar yankin Van, ya ga ƙauyukan da aka ƙone da gawarwaki a kan hanya. Abin da idonsa ya gani shi ya zuba a wata doguwar waƙa da ta fito a 1916, wadda ya raɗa wa suna daga Dante, sha'irin Italiya da ya siffanta wuta da azabarta.

Yaron da ya ga irin wannan tashin hankali, me zai hana ya rungumi duk wanda ya zo masa da alkawarin sabuwar duniya? Yana karatu a Mosko juyin juya halin 1917 ya same shi. A 1918 ya shiga Jar Runduna ta 'yan gurguzu, ya yi yaƙi a wajen Tsaritsyn, garin da daga baya aka mayar Stalingrad. Ku lura da wannan: shi kansa Stalin a shekarar yana Tsaritsyn ɗin, ɓangare ɗaya suke. Charents ya yi imani da tafiyar nan har zuciya. Ya yi wa juyin juya hali waƙa, ya yi wa Lenin waƙa. Da Armeniya ta faɗa hannun Sobiyet a ƙarshen 1920, yana cikin 'yan gaban goshi. A 1922 shi da abokansa biyu suka fitar da wata takardar shela suna cewa a yi watsi da salon tsofaffin sha'irai, zamani ya canza. Wato shi ma ya taɓa ɗaga gatari a kan na gaba da shi.

Ba zan ɓoye muku ba, ba waliyyi ba ne. A 1926 ya harbi wata yarinya 'yar shekara 16 a tsakiyar Yerevan ya ji mata rauni, kotu ta ɗaure shi, aka rage masa hukuncin, aka sake shi tun wa'adi bai cika ba. Matarsa ta fari, Arpenik, ta rasu a farkon 1927, abin ya gigita shi. Ciwon ƙoda ya sa aka fara yi masa allurar mofin, allurar ta zame masa jaraba har ƙarshen ransa. Duk da haka a cikin waɗannan shekaru ne ya yi manyan ayyukansa. Ya rubuta littafin ƙagaggen labari, Ƙasar Nairi, kan garinsu Kars da yadda ya suɓuce. Ya zaga Turkiyya da Italiya da Faransa da Jamus a 1924 zuwa 1925. Ya yi shekaru yana aiki a kamfanin ɗab'i na gwamnati. Ya fassara su Pushkin da Goethe zuwa harshensu.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mutumin yana da so biyu a zuciya: jam'iyya da kuma Armeniya. A farko yana ganin ai abu ɗaya ne. Da Stalin ya gama kama ragama, sai aka wayi gari duk wanda ya cika ambaton tarihin al'ummarsa an liƙa masa tambarin ɗan kishin ƙabila, maƙiyin juyin juya hali. A 1933 Charents ya kammala diwaninsa mai suna Littafin Hanya. Hukuma ta dakatar da shi, sai da aka zare wasu sassa sannan ya fito a 1934. To amma akwai wata waƙa da a zahiri ba ta da laifi a idon masu tacewa, alhali idan ka tsinci harafi na biyu na kowane layi ka jera su daga sama zuwa ƙasa, sai wata jimla ta fito tana kiran Armeniyawa da su haɗa kansu. Da dattijuwar ta nuna min, sai na yi murmushi, don mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Nana Asma'u 'yar Shehu tana da waƙar da ta jera haruffan wata aya ta Suratu Alam Nashrah a farkon baitocinta, kuma malamanmu sun saba ɓoye shekarar da suka yi waƙa cikin ramzi. Bambancin kawai, a can ran mutum ne a kan faifai. Da aka gano saƙon, ya shiga cikin hujjojin da aka tara a kansa.

Yana da garkuwa ɗaya: Aghasi Khanjian, shugaban jam'iyyar gurguzu ta Armeniya, wanda ke ƙaunarsa yana kare shi. A watan Yuli na 1936 Khanjian ya je taro a Tbilisi, gawarsa aka dawo da ita. Sanarwar hukuma ta ce shi ya kashe kansa. Bayan mutuwar Stalin, hukumar Sobiyet da bakinta ta ɗora alhakin a kan Lavrenti Beria, wanda a lokacin shi ke juya yankin Kaukasus. Bango ya faɗi ke nan. Wata biyu bayan haka aka yi wa Charents ɗaurin talala a wannan gida da nake tsaye a ciki. Aka janye littattafansa daga kasuwa da ɗakunan karatu. Abokan alƙalami suka riƙa miƙewa a taro suna tsine masa, kowa na shafa wa gemunsa ruwa. Shi kuwa yana zaune a teburin nan yana ta rubutu, ya san babu mai buga masa.

A watan Yuli na 1937 'yan sandan ciki, waɗanda ake kira NKVD, suka zo suka tafi da shi. A wannan watan aka harbe abokinsa marubuci Aksel Bakunts. Ranar 27 ga Nuwamba, 1937, Charents ya mutu a asibitin kurkuku a Yerevan yana da shekara 40. Ba a ba iyalinsa gawa ba, ba a nuna inda aka sa shi ba. Aka kama matarsa ta biyu, Izabella, aka kore ta can nesa. 'Ya'yansa mata biyu, mai shekara 5 da mai shekara 2, suka tashi ba uwa ba uba a kusa, babbar har gidan marayu ta zauna. Kuma kada ku ɗauka shi kaɗai ne. Takardun hukumar Sobiyet da kanta sun nuna cewa a 1937 da 1938 kaɗai an harbe mutum sama da 680,000 a faɗin tarayyar.

Yanzu ga wurin da na fi so ku riƙe. Akwai wata budurwa, Regina Ghazaryan, 'yar shekara 22 a lokacin, aminiyar gidan, wadda daga baya ta zama mai zane. Daga kurkuku Charents ya yi dabarar aika wa matarsa saƙo cewa ta damƙa takardunsa a hannun Regina. A zamanin da samun shafi ɗaya na "maƙiyin al'umma" a ɗakinka ya isa a kai ka Saberiya, yarinyar nan ta karɓi rubuce-rubucen, ta binne su a ƙasa cikin lambu, ta ja bakinta ta yi shiru shekara da shekaru. Sai bayan Stalin ya mutu a 1953, gari ya ɗan waye, sannan ta fito da su. Wajen layi 7,000 na waƙa, ciki har da marsiyyar da ya yi wa Komitas, babban masanin kiɗa da waƙoƙin gargajiyarsu. Wasu shafukan danshin ƙasa ya ci su, amma da dama sun tsira. Ba ta da muƙami, ba ta da bindiga, ba ta da jarida. Rami kawai ta tona ta riƙe amana.

Sai kuma abin da ya fi ɗaure min kai. A watan Maris na 1954, Anastas Mikoyan, Ba'armene ne kuma ƙusa a fadar Kremlin, ya tsaya a gaban jama'a a Yerevan ya ambaci sunan Charents da alheri, ya ce a sake buga ayyukansa. Daga nan aka wanke shi. To shi wannan Mikoyan ɗin yana cikin tawagar da Stalin ya aiko Yerevan a watan Satumba na 1937 don share jam'iyyar Armeniya, a daidai lokacin da Charents ke kwance a kurkukun garin. Gwamnatin da ta kashe shi ita ce ta raɗa wa wani gari suna Charentsavan a 1967, ita ce ta buɗe wannan gidan tarihi a 1975. Na tsaya a bakin ƙofa ina ta juya wannan magana. Da ransa an hana shi takarda, bayan ransa an goge masa tebur ana karɓar kuɗin shiga.

Na fito kaina ya yi nauyi, ga lokacin Azahar ya yi. Tafiyar minti kaɗan a kan wannan titi, gangarowa ƙasa, sai ga wata ƙofa mai ado da tayil shuɗi: Shuɗin Masallaci, wanda shi kaɗai ne masallacin da ake salla a cikinsa a duk faɗin Armeniya. An gina shi wajen 1765, zamanin Husaini Ali Khan, lokacin da Yerevan ke ƙarƙashin Farisa kafin Rasha ta ƙwace ta a 1827. A da Musulmi na da yawa a garin, da masallatai da dama. Rusau na zamanin gurguzu da rigingimun ƙabilanci sun tafi da su, ragowar Azabaijawan ƙasar kuma suka fice a ƙarshen shekarun 1980, kamar yadda Armeniyawan Azabaijan su ma suka fice daga can. Wannan ɗin ya tsira ne saboda an mayar da shi gidan tarihin birni. Iran ce ta gyara shi a shekarun 1990, kuma ita ke kula da shi. Na yi alwala na yi sallata a ƙarƙashin ƙubbar, sannan na zauna a farfajiyar mai itatuwa da sanyi. Abin mamaki, nan ma Charents ya riga ni zuwa. A shekarun 1920 akwai wurin shan shayi a farfajiyar nan inda shi da Bakunts da mai zane Martiros Saryan ke zaman hira. Majalisa ce irin tamu ta mai shayi, sai dai biyu daga cikin ukun nan shekarar 1937 ta cinye su.

Tsallaken titi akwai tsohuwar rufaffiyar kasuwa da aka gina a 1952, mai ƙatuwar ƙofar ƙarfe da aka yi wa ado. Yanzu an mayar da cikinta babban kanti, abin da ya jawo zanga-zanga a lokacin. Na sayi burodinsu mai faɗi da laushi da suke kira lavash, da busassun 'ya'yan itace, na sha ruwa a ɗaya daga cikin 'yan famfunan dutse da ke tsartuwa a kan titi kyauta dare da rana, waɗanda suke kira pulpulak. Daga nan na juyo na miƙe titin zuwa sama, na sake wuce gidan Charents, na wuce babban gidan wasan opera, har inda titin ya ƙare a gindin tudu.

A nan Matenadaran yake, gidan adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu, wanda aka buɗe a 1959. A bakin ƙofa akwai mutum-mutumin Mesrop Mashtots, malamin da ya ƙirƙiro musu haruffansu 36 wajen shekara ta 405, waɗanda har yau da su suke rubutu bayan an ƙara 'yan kaɗan. A ciki akwai dubban littattafai, ba na harshensu kaɗai ba, har da na Larabci da Farisanci. Na ga rubutun Larabci na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙuwar ƙasa. Amma wanda ya tsayar da ni shi ne wani ƙaton littafin wa'azi na garin Mush, wanda aka rubuta a kan fata wajen 1200 zuwa 1202, nauyinsa kusan kilo 28. A kusa da shi an ajiye wani ɗan mitsitsi mai nauyin giram 19. Labarin da suke bayarwa shi ne, a gudun hijirar 1915 wasu mata biyu suka tarar da babban littafin a wani gidan ibada da aka watse. Ya fi ƙarfin ɗaukar mutum ɗaya, sai suka raba shi biyu kowa ta goya rabi. Ɗaya ta isa da nata. Ɗayar da ta ga ba za ta kai ba, sai ta binne nata a harabar wata majami'a a Erzurum, daga baya wani hafsan sojan Rasha ya gano shi, aka sake haɗa su.

Kun ga abin ya maimaita kansa ko? A yini ɗaya, a titi ɗaya, sau biyu ina cin karo da mace ta tona rami ta binne takarda don ta tsira. Nan take na tuna Timbuktu a 2012 zuwa 2013, lokacin da Abdulƙadir Haidara da iyalan garin suka riƙa zuba littattafan kakanninsu a adakokin ƙarfe suna sulalewa da su Bamako ta mota da kwale-kwale.

Da la'asar sakaliya na nufi Kaskad, wata ƙatuwar matakala ta farin dutse mai hawa 572 da ta haɗa tsakiyar gari da unguwannin kan tudu. A gindinta akwai mutum-mutumin Alexander Tamanian, wanda ya zana taswirar sabon birnin a 1924, da wata ƙatuwar kyanwa ta tagulla, aikin Fernando Botero ɗan Kolombiya, yara na ta hawa suna ɗaukar hoto. Akwai matakala mai tafiya da kanta ta ciki, amma na ce ni da ƙafa zan hau. Wallahi kafin in kai rabi na yi nadama. Da na isa sama na juyo, sai ga dutsen Ararat ya cika sararin kudu, kansa fari fat da ƙanƙara, tsayinsa mita 5,137. Kiristoci na cewa a kansa jirgin Annabi Nuhu (AS) ya tsaya, mu kuma Alƙur'ani ya ambata mana Judiyyu. Dutsen yana kan tambarin ƙasarsu, yana cikin waƙoƙinsu, amma tun yarjejeniyar Kars ta 1921 yana cikin Turkiyya, shi da garin da aka haifi Charents, kuma iyakar a rufe take tun 1993. Kullum suna kallonsa ta taga, ba damar taka shi kai tsaye. Inuwar giginya ke nan.

Daga saman nan, in ka ƙara gaba kaɗan, akwai wata mace ta tagulla riƙe da takobi a kan dogon dandamali, suna kiranta Uwar Armeniya. Dandamalin nan ba don ita aka gina shi ba. A 1950 ƙaton gunkin Stalin aka kafa a kai. A 1962 aka sauke shi, a 1967 aka ɗora ta. Kuma maginin da ya zana dandamalin, Rafael Israelyan, shi ne a 1957 ya zana wata ƙofar dutse a hanyar Garni da ake kira Ƙofar Charents, inda aka sassaƙa baitinsa tana fuskantar Ararat. Hannu ɗaya ya yi wa wanda ya kashe da wanda aka kashe aiki, shekara bakwai tsakani. Da dare na ƙarasa Dandalin Jamhuriya, mai gine-ginen dutse ruwan hoda, inda ruwa ke tashi yana rawa da kiɗa, iyalai na ta yawo da 'ya'yansu. Nan ma gunkin Lenin ya tsaya daga 1940 har 1991. Yau ko dandamalinsa babu. Waƙar Charents ta son Armeniya kuwa, yaran makaranta na haddace ta.

To 'yan uwa, mu dawo kan muhawararmu. Ni abin da na ɗauko daga gidan nan guda biyu ne.

Na farko, Charents bai shiga gwamnati don ambulan ba. Ya yi imani da ita, ya ɗauki bindiga dominta, ya yi mata waƙar da babu wanda ya iya irinta. Duk da haka ranar da ya faɗi abin da ba a so, ba a tuna masa ko ɗaya ba. Tsaronsa gaba ɗaya ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya, ranar da mutumin ya faɗi shi ma ya faɗi. Idan wanda ya shiga da gaskiya haka ta same shi, ina ga wanda ya shiga don cefane? Ban ce kada mai alƙalami ya yi aiki da hukuma ba, kowa da uzurinsa. Amma ya san cewa ranar da ya ara wa mai mulki bakinsa ya zagi ɗan uwansa, ya koya wa mai mulkin yadda za a yi da shi gobe. Waɗanda suka miƙe a taro suka tsine wa Charents, wasunsu ba su daɗe ba aka zo kansu.

Na biyu ya fi kusa da ni, kuma da kunya nake faɗarsa. Kakanmu malami ne, ya bar adaka cike da takardu, wasu da Larabci wasu da ajami, ciki har da waƙoƙin wa'azi da ya tsara da kansa. Tun rasuwarsa adakar ke ɗakin ajiya a gidan gado, kowa na cewa wane ne zai duba. Da na dawo daga tafiyar nan ban kwana biyu ba na je, na roƙi baffanmu ya ba ni mabuɗi. Ya ce, "Ɗana, sai yau wani ya tuna da ita?" Muka buɗe. Gara ta cinye kusan rabi, yoyon damina ya manne wasu sun zama kamar dunƙulen ƙasa. Na zauna a ƙasa na rasa abin cewa. Regina ta tsare amanarta alhali NKVD na yawo a gari. Mu babu wanda ya kore mu, babu wanda ya yi mana barazana, sakaci kawai. Abin da ya rage na ɗauke shi hoto da waya shafi-shafi, na sa a sabuwar jaka, muna neman wanda ya iya karanta hannunsa.

Saboda haka ga roƙona. Duk wanda ya san akwai irin wannan adaka ko gafaka a gidansu, don Allah ya je ya duba a makon nan, kada ya jira taron suna ko rabon gado. Ku ɗauki hoto, ku raba wa 'yan uwa, ku nisanta ta daga danshi. Sannan in tambaye ku: mu nawa ne a nan muka taɓa neman ƙofar gidan da Sa'adu Zungur ko Mu'azu Haɗeja ko Aƙilu Aliyu suka zauna, balle mu kai 'ya'yanmu? Wanda ya san halin da gidajen nan da takardunsu ke ciki, ya faɗa mana a ƙasa mu ƙaru.

Takardar dram 1,000 ɗin nan ban kashe ta ba. Tana cikin jakar, tare da takardun Kaka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amana.